An Cire Famfo, An Bar Tanki: Wa Ya Auna Ruwan Tsohon Gidan Mai?

Rubutun wannan mako ba zai yi wa wasu daɗi ba, musamman dillalan filaye da masu gina rukunin shaguna a bakin titi. Su yi haƙuri da mu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Da wuya a samu wani a cikinmu da bai san wani tsohon gidan mai da ya daina aiki a garinsu ba. Wasu sun shekara goma a rufe, ciyawa ta cinye su. Wasu kuma tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 jarin masu su ya kasa ɗaukar kuɗin tanka guda, suka kulle. Abin da ke biyo baya duk mun san shi. A kwance rumfa, a cire famfuna a sayar wa 'yan jari-bola, a zuba kankare a kan filin, bayan wata shida sai ga filaza mai hawa biyu, ko makaranta mai zaman kanta, ko wurin wankin mota, ko gidan cin abinci. Kuma abu na farko da sabon mai wuri yake yi shi ne kiran masu haƙa rijiyar burtsatse, tunda ruwan famfon gwamnati ya daɗe da zama labari a unguwanni da yawa. Daga nan 'yan garuwa su fara layi da kurarsu, jarkoki su bazu cikin unguwa.

Tambayarmu guda ɗaya ce: ina tankin? Gidan mai ba a sama yake ajiye mansa ba. A ƙarƙashin inda motoci ke tsayawa akwai tankunan ƙarfe, uku ko huɗu ko fiye, kowanne na iya shanye tanka guda ta lita 33,000. An tono su? An duba ƙasar da suka kwanta a ciki shekara ashirin ko talatin? An ɗebi ruwan da ke ƙarƙashinsu an kai ɗakin gwaji? A mafi yawan wuraren da muke gani, babu wanda zai iya nuna maka takarda. Matsayarmu ita ce, sayar da tsohon gidan mai ko yin gini a kansa ko haƙa rijiya a cikinsa ba tare da an gwada ƙasa da ruwa ba, caca ce da lafiyar maƙwabta. Kuma wanda ya ci ribar sayar da man shi ya kamata ya biya kuɗin gwajin.

Bari mu fara da ƙarfen kansa. Tankin ƙarfe da aka binne cikin ƙasa mai danshi yana tsatsa, kamar yadda duron ruwa yake tsatsa a bayan ɗaki. Bambancin kawai shi ne duro kana ganinsa, tanki kuwa ba mai ganinsa. Tsatsar ba ta cin jikin tankin bai ɗaya, ɗan wuri take kamawa ta yi ta ci har ta huda rami kamar na allura. Sau da yawa ma kafin tankin ya huje, bututun da ke kai mai daga tanki zuwa famfo ya riga ya fara yoyo a mahaɗarsa. Ga kuma man da ke zuba a ƙasa duk lokacin da tanka ta zo sauke kaya aka cika tanki ya yi ambaliya.

Wani zai ce ai ɗan ɗigo ne. To mu yi lissafi. Idan bututu yana ɗigo sau ɗaya a kowace daƙiƙa, a shekara ya yi ɗigo sama da miliyan 31. Ɗigo ashirin ne ke yin mililita ɗaya, don haka abin da ya zuba ya haura lita 1,500 a shekara guda. Wato kusan lita huɗu a rana. Gidan man da ke sayar da dubban lita kullum ba zai lura da giɓin lita huɗu ba. Manaja zai ce zafin rana ne ya busar da shi, ko ya zargi yaron famfo ya yanke masa albashi. A shekara goma, lita 15,000 ta shige ƙasa, mai gidan man bai sani ba, maƙwabcinsa bai sani ba.

Man da ya zuba ba ya tsayawa inda ya zuba. Yana bin ƙofofin ƙasa yana gangarawa, wani ya maƙale a jikin yashi da laka, wani ya wuce har ya tarar da ruwan da ke kwance a ƙasa, wanda shi ne ruwan rijiyoyinmu. Fetur ya fi ruwa sauƙi, sai ya kwanta a samansa kamar man gyaɗa a kan miya. Daga nan wani sashe nasa ya riƙa narkewa a hankali yana bin ruwan duk inda ya nufa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tafiya, ko da ba ya sauri, kuma bai san katanga ba, bai san iyakar fuloti ba.

Yanayin ƙasarmu yana ƙara wa lamarin nauyi. Garuruwa irin su Kano da Zariya da Kaduna a kan tsohon dutse suke zaune, ruwansu yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma cikin tsagogin dutsen da ke ƙasa. Shi ya sa rijiyar gida ba ta da zurfi sosai, kuma da damina ruwanta kan hauro har guga ba ya buƙatar doguwar igiya. Idan ruwan ya hau a watan Agusta sai ya wanke ƙasar da man ya jiƙa, idan ya sauka da rani sai ya shafe man a sabon wuri. Kowace damina sabon wanki ne. A cikin tsagar dutse kuwa, gurɓataccen ruwa na iya tsallake gidan da ke manne da gidan man ya ɓulla a gida na biyar.

Masu burtsatse za su ce tasu ta yi zurfi, ta wuce inda man yake. Wannan ya danganta da yadda aka haƙa ta. Idan ba a toshe gefen bututun da siminti yadda ya kamata ba, ramin kansa zai zama hanyar da ruwan sama mai mai zai bi ya sauka zuwa na ƙasa mai tsabta. Sannan injin da ke zuƙo ruwa dare da rana yana janyo ruwan da ke kewaye zuwa gare shi. Wanda ya haƙa burtsatse a tsohon gidan mai yana sayar wa 'yan garuwa, da hannunsa yake kiran gubar, da kuɗinsa yake biyan wutar da za ta janyo ta.

Wace guba muke nufi? Fetur haɗin sinadarai ne masu yawa, amma wanda ya fi tayar wa masana hankali shi ne benzin. Hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa shi a rukuni na farko, wato abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa ga ɗan'adam. Ɓargo yake taɓawa, inda jiki ke ƙera jini, kuma an san shi da jawo kansar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce mikrogiram 10 a cikin lita ɗaya ta ruwan sha. Amurka ta tsaya a 5. Don mu gane ƙanƙantar wannan adadi: ɗigo bakwai ko takwas na benzin a cikin tankar ruwa mai lita 33,000 sun isa su kai shi wannan iyaka. Idan fetur na ɗauke da benzin kashi 1 cikin 100, lita ɗaya tak na da abin da zai iya ɓata ruwa sama da lita 800,000. Yanzu a tuna da lita 1,500 da muka lissafa a shekara.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma gaskiya ne. Matsalar ita ce ruwa na iya zama guba tun bai yi tsamin ba. Hanci ba ya kama benzin a cikin ruwa sai ya ninka ƙa'ida sau ɗari ko fiye. Wani lokaci sauran sinadaran fetur kan yi wari su tona asiri, amma benzin ya fi yawancinsu saurin narkewa da saurin tafiya, don haka yakan riga su isa rijiya. Kafin uwargida ta ce wa maigida ruwan nan yana warin fetur, mai yiwuwa yara sun daɗe suna sha. Ga kuma tsofaffin gidajen man da suka yi aiki a zamanin fetur mai dalma, wanda ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba su gama rabuwa da shi ba sai farkon 2006. Dalma ba ta ruɓewa, tana nan inda ta zuba.

Nan ne wasu za su zaro takarda su ce ai mun gwada ruwanmu, an ce lafiya lau. Mu karɓi takardar mu karanta. Gwajin da aka saba yi wa sabuwar burtsatse yana duba ƙwayoyin cuta ne, da launi, da gishiri, da tsami, da sinadarin ƙarfe. Gwaji ne mai amfani, amma ba ya neman benzin, kuma ɗakin gwaji ba ya ganin abin da ba a ce ya nema ba. Kamar mutum ne ya je asibiti aka yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro, ya fito yana shelar ba shi da ciwon suga. Dabarunmu na gida ma ba sa aiki a nan. Alam yana kwantar da laka ne. Tacewa da ƙyalle tana tare datti ne. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma benzin sai ya tashi cikin tururi ya cika kicin, wadda ke tsaye a kan tukunya ta shaƙe shi. Haka wanka da irin ruwan a rufaffen banɗaki.

Ko ba a haƙa rijiya ba, ginin da aka ɗora a kan gurɓatacciyar ƙasa bai tsira ba. Tururin fetur yana bin tsagar daɓe da hanyar bututu ya shigo ɗaki. Ya fi iska nauyi, don haka yana taruwa a ramin sokawe da kwalbati da ɗakin ƙasa. Tankin da aka ce ya bushe kuwa ya fi cikakke haɗari, domin tururi ne a cikinsa haɗe da iska, tartsatsi ɗaya yake jira. Duk mai walda da ya san aikinsa ba ya kai wuta kusa da tsohon tankin mai sai an wanke shi an fitar da tururin.

To mene ne gwaji na gaskiya? Muna so kowa ya san siffarsa, don kada a zo a ɗebi ƙasa a leda daga bakin ƙofa a ce an yi.

Ana farawa da tarihi. Yaushe aka buɗe gidan man, tanki nawa ne, me aka zuba a kowanne, fetur ko gas ko kananzir, an taɓa canza wani, an taɓa samun yoyo? Tsofaffin ma'aikata da dattawan unguwa sukan san abin da takardu suka manta. Idan ba a san inda tankunan suke ba, akwai na'urar da ake turawa a kan ƙasa ta nuna ƙarfen da ke binne. Sai a zuƙe ragowar man da dagwalon da ya kwanta a gindi, a fitar da tururi, a tono tankin a duba jikinsa a gaban shaidu. Idan tono shi zai taɓa harsashin wani gini, a wanke shi a cika shi da yashi ko kankare.

Daga nan sai ɗiban ƙasa. Ana ɗiba daga gindin ramin, daga gefunansa, daga layin bututu, daga ƙarƙashin inda famfuna suka tsaya, da inda tanka ke sauke mai. Ana huda ƙasa a wurare da dama a ɗebo a zurfi daban-daban har a kai ga ruwa. Akwai 'yar na'urar hannu da ke shaƙar tururi ta nuna inda ya fi yawa, amma ita jagora ce kawai, hukunci na ɗakin gwaji ne.

Sai rijiyoyin sa ido. Waɗannan ƙananan rijiyoyi ne da ake haƙawa don awo kawai, ba don sha ba. Aƙalla uku ake buƙata, domin da tsayin ruwa a wurare uku ne ake gane inda ruwan ƙasa ya dosa. Ɗaya a inda ruwan ke fitowa, don a san yadda yake kafin ya iso gidan man, sauran a inda ya nufa. Dole tagar bututun ta dace da saman ruwan, tunda a nan man yake kwance. Wanda ya zurfafa ta can ƙasa zai iya ɗebo ruwa garau alhali fetur na yawo a sama.

Yadda ake ɗaukar samfurin ma ilimi ne. Benzin yana gudu cikin iska, don haka a ƙaramar kwalbar gilashi ake zuba ruwan, a cika ta maƙil ba kumfa ko ɗaya, a rufe, a sa cikin ƙanƙara, a rubuta wuri da lokaci da sunan wanda ya ɗiba, a kai ɗakin gwaji cikin kwanaki kaɗan. Ruwan da aka ɗura a robar lemo aka ajiye a but ɗin mota cikin ranar Afrilu, kafin ya isa abin da ake nema ya tsere, sakamako ya fito fes, ƙarya ta samu hatimi. A takardar neman gwajin a rubuta ƙarara: benzin da 'yan'uwansa uku da ake haɗa su a kira BTEX, da jimillar man da ke cikin samfurin, da dalma. Kuma a maimaita, sau ɗaya da damina, sau ɗaya da rani. A haɗa da rijiyoyin maƙwabta, domin su ne masu shan ruwan.

Mun san abin da za a ce, wai wannan tsarin Turawa ne, mu nan ƙasa tana cinye komai. To mu duba gida tukuna. A watan Agustan 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta kan ƙasar Ogoni a jihar Ribas. Ma'aikatanta sun haƙa rijiyoyin sa ido 142, sun gwada samfura sama da 4,000. A Nisisioken Ogale sun tarar mutane na shan ruwan rijiya mai benzin da ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. A nan ne kuma suka auna tataccen mai mai kaurin santimita 8 kwance a kan ruwan ƙasa. Tataccen mai, irin wanda ake zubawa a mota, daga bututun da ke binne. Rahoton ya ce gyara ƙasar zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Gidan mai ɗaya bai kai bututun Ogale girma ba, amma sinadarin ɗaya ne, kuma gidajen mai sun fi bututu kusa da tukunyarmu.

Turawan da ake magana ma ba da wayo aka haife su ba, wuya ce ta koya musu. Amurka ta binne tankunan ƙarfe tsirara shekaru da dama, sai da rijiyoyi suka yi ta lalacewa sannan majalisarta ta yi doka a 1984. A 1986 aka kafa asusun gyara wuraren da suka gurɓata, ana tara kuɗinsa daga ɗan harajin kashi ɗaya cikin goma na senti a kan kowane galan. A 1988 aka fitar da ƙa'idoji, aka ba masu tankuna shekara goma, zuwa Disambar 1998, ko su gyara ko su canza ko su rufe. Dokar ta ce ba a rufe tanki har abada sai an auna wurin an ga ko ya yi yoyo. Da aka fara aunawa, an tabbatar da yoyo sama da rabin miliyan a faɗin ƙasar. A 1996 birnin Santa Monika da ke jihar Kalifoniya ya rufe rijiyoyin da ke ba shi kusan rabin ruwan shansa saboda wani sinadarin fetur mai suna MTBE da ya tsiyayo daga tankunan gidajen mai, kuma manyan rijiyoyin ba su dawo aiki ba sai 2010. Idan ƙasar da ke da masu duba tankuna ta samu rabin miliyan, da wane dalili za mu ɗauka namu tankunan ba sa tsatsa? Rashin labarin yoyo a wajenmu ba shaidar lafiya ba ce. Ba mu auna ba ne.

Mu 'yan Arewa bai kamata a yi mana dogon wa'azi kan gubar da ido ba ya gani ba. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara. Ƙasar tsakar gidan da suke rarrafe a kai ita ce ke ɗauke da dalma daga dutsen zinare da ake daka. Da ido ƙasa ce kamar kowace ƙasa. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura, aka gwada jini, aka gwada ƙasa, sannan aka san abokin gaba. Darasin da muka biya da rayukan yara kenan: ƙasa tana riƙe abin da aka zuba mata, kuma awo ne kaɗai ke sa ta faɗa.

Sai masu cewa mun shekara ashirin muna shan ruwan nan ba abin da ya same mu. Benzin ba kwalara ba ce da za ta kwantar da unguwa a dare ɗaya. Shekaru yake ɗauka, kuma ba kowa yake kamawa ba. Idan ya kama ɗaya, za a yi ta yawon asibiti ana ƙarin jini, dangi su sayar da gona, wasu su ce jifa ne, wasu su ce iska ce, babu wanda zai waiwayi rijiya. Mun yi imani rai da ajali na Allah ne. Amma wanda ya binne tanki ya yi shiru ba zai fake da ƙaddara ba, kamar yadda direban da ya san burkinsa ya lalace ya ɗauki fasinja ba zai fake da ita ba. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da karantar da cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin kayansa, kuma mai saye na da damar mayarwa idan aka ɓoye masa. Idan wannan ya hau kan mai sayar da akuya, ina ga mai sayar da fili da tankuna huɗu a cikinsa?

Hujja ta ƙarshe ita ce tsada. E, gwaji na gaskiya yana cin kuɗi: injin haƙa, ƙwararru, ɗakin gwaji. Amma a ajiye kuɗin kusa da farashin fili mai faɗin gidan mai a bakin babban titi, sai a ga ɗan kaso ne. Wanda ke da kuɗin gilashi da tayil na filaza ba zai ce mana ba shi da kuɗin rijiyoyin awo uku ba. Kuma ƙin biya ba ya kashe bashin, yana mayar da shi kan wasu ne kawai: mai shayin da ke tafasa ruwan, da matar da ke girki da shi, da ɗan makarantar da ke kafa baki a famfo lokacin tara. Gurɓatacciyar ƙasa da aka gano da wuri ana iya kwashe ta da tifa cikin mako guda. Idan man ya shiga ruwa ya bazu ƙarƙashin gidaje, aikin shekaru ne. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan harka tsuntsun kan karɓi kuɗinsa ya tashi, ruwan ya doki waɗanda ba su ja ba.

Ba hukumomi muka rasa ba. Akwai NMDPRA da dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta kafa, wadda ke ba gidajen mai lasisi. Akwai NOSDRA tun 2006 don malalar mai, akwai NESREA tun 2007 don kare muhalli, akwai NAFDAC da ke yi wa ruwan leda rajista. A jihohi akwai ma'aikatun muhalli da hukumomin tsara birane irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna, waɗanda ba a gini bisa ƙa'ida sai da sa hannunsu. Ranar buɗe gidan mai kowa yana da fom da zai cika da kuɗin da zai karɓa. Ranar rufewa fa, wa ke zuwa? Tsakanin mai ba da lasisin mai da mai ba da izinin gini akwai wani rami, kuma a cikinsa tankunan suke kwance. Masana ma muna da su. Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna da kwalejojinmu na kimiyya da fasaha suna yaye masu ilimin ƙasa da sinadarai duk shekara, da yawansu suna zaune ba aikin yi, ga kuma aiki binne a ƙarƙashin kankare.

Ga abin da muke nema, kuma muna roƙon duk wanda ke da kusanci da ɗan majalisa ko kansila ko mai unguwa ya isar.

Na ɗaya, kada hukumar tsara birni ta amince da sauya tsohon gidan mai zuwa wani abu sai an kawo mata shaidar an cire tankuna ko an cika su, tare da sakamakon gwajin ƙasa da ruwa.

Na biyu, mai sayarwa ne zai biya, amma ba shi zai zaɓi mai gwajin shi kaɗai ba. Jami'in hukuma da wakilin unguwa su tsaya a wurin ranar ɗiban samfur.

Na uku, a liƙa sakamakon a bainar jama'a, a ba mai unguwa kwafi. Ruwan na kowa ne, sakamakonsa ba sirrin kasuwanci ba ne.

Na huɗu, a hana haƙa burtsatse ta sayar da ruwa ko kafa masana'antar ruwan leda a tsohon gidan mai ko maƙwabtansa sai gwajin ya haɗa da sinadaran fetur.

Na biyar, kowace jiha ta yi rajistar gidajen man da aka rufe, da taswira, tun waɗanda suka san wuraren suna raye. Gidajen da masu su suka rasu ko suka karye, a nemi asusun da zai ɗauki nauyinsu daga cikin harkar man kanta.

Mu ma akwai namu. Mai shirin kama shago ko sayen fili, ya tambayi maƙwabta me ke wurin a da. Mai sayen ruwan garuwa, ya tambayi daga wace burtsatse aka ɗebo. Wanda rijiyarsa ke kusa da gidan mai, tsoho ko mai aiki, ya ɗebi ruwa a kwano da sassafe ya duba ko akwai maiƙo mai launin bakan gizo a sama, ya sunsuna. Idan ya gani ko ya ji, a daina sha da girki da wanka da shi nan take, kada a kai fitila ko ashana bakin rijiyar, a rubuta wa ma'aikatar muhalli takarda a riƙe kwafi. Idan bai ga komai ba, kada ya ɗauka ya tsira, hanci ba ɗakin gwaji ba ne.

Mu marubuta kuma, mun yi littattafai a kan kishiya da gado da siyasa har sun cika kasuwa. Ruwan da jaruman labaranmu ke sha ma ya cancanci shafi.

Aikin wannan mako mai sauƙi ne. Kowa ya ƙirga tsofaffin gidajen man da ya sani a garinsu waɗanda aka mayar wani abu, ya faɗa mana adadinsu da abin da suka koma da kuma ko akwai burtsatse a ciki. Ba ma son sunan kowa, ba ma son zagi ko ƙazafi, adadi kawai muke so. Idan akwai masanin ƙasa ko ma'aikacin ɗaya daga cikin hukumomin da muka ambata a wannan zaure, muna jiran gyaransa da ƙarin bayaninsa. Allah Ya tsare mana ruwanmu da 'ya'yanmu. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.